Motocin Treloar

Imants Kalnins ya sauka Ostareliya bayan yaƙin duniya na biyu, daga shi sai akwatin kayan aiki, ƙasarsu Latbiya kuwa ta zama ba ta komuwa. A garin Ballarat ya haɗu da Clive Treloar, wani dogon saurayi mai zaƙin baki, wanda ko ƙusa bai iya ɗaurewa ba, amma in ya kama sitiyari sai ka rantse a cikin mota aka haife shi.

Suka kama wata tsohuwar rumfar askin tumaki, suka fara ƙera motar tsere da injin babur da bututun jiragen yaƙi da ake gwanjonsu. Imants ke zane, shi ke walda, shi ke buga gwangwanin jiki. Clive na tuƙi, yana cika 'yan jarida da surutu. Da aka zo batun suna, Clive ya yi dariya ya ce, "Abokina, sunan nan naka sai mutum ya ciji harshe. Wa zai sayi motar da bai iya kiranta ba?" Aka sa mata Treloar. Imants ya haɗiye, ya koma kan waldarsa.

A tsohon filin jirgi da aka mayar fagen tsere, 'yar motar ta bar manya suna shaƙar hayaƙinta. 'Ya'yan masu gonaki suka riƙa zuwa a ƙera musu irinta. Imants ya ɗauki ma'aikata, ya auri Ausma, 'yar ƙasarsu da ke aiki a masaƙa, har ya fara jin cewa ya yi gida.

Sai Clive ya ce zai kai motarsu mafi kyau Ingila, duniya ta san su, in ya samu gindin zama zai aiko Imants ya biyo shi. Imants da kansa ya ɗaure ta a akwati, ya raka ta har tashar jirgin ruwa a Melbourne. Shiru, shiru. A bakin wani mai sayar da taya ya ji cewa Clive ya sayar da ita, ya zama direban wani kamfani a can.

Shekaru suka ja. Motocin Ingila masu inji a baya suka fara sauka, masu saye suka watse, ma'aikata suka bi su. Imants ya koma gyaran tarakta, yana haɗa wata sabuwar mota a hankali a ƙuryar rumfa.

Ran nan sai ga Clive, ya yi ƙiba, cikin kwat mai tsada. Ashe shi ne dillalin motocin Ingilan. Ya zagaya sabuwar motar, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya ce zamani ya wuce ta, kuma lauyansa ya ce a daina amfani da sunan Treloar. Sannan ya dafa kafaɗar Imants.

"Zo ka riƙe mini gareji, tsohon abokina. Babu mai hannunka a ƙasar nan."

"Ka ce za ka aiko in zo," in ji Imants.

"To, ai ga shi na zo da kaina."

Imants ya nuna masa ƙofa. Da ya koma gida Ausma ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce masaƙa na rage ma'aikata, 'ya'yansu kuma ba fushi za su ci ba.

Imants ya yanka ƙarafan jikin motar da bai gama ba, ya yi wa wani maƙwabci ƙyauren shingen tumaki da shi. Ranar Litinin ya je garejin Clive, aka ba shi rigar aiki. A nan ya tsufa. Sau da yawa ya yi niyyar ya yi musu aikin ganin ido, hannunsa ya ƙi. Motocin da ya gyara suka yi ta cin tsere, shi kuwa bai sake taka fage ya kalla ba.