Binnen Sharhabilu

Duk garin Babban Duhu an san Malam Sharhabilu da abu biyu, gonarsa ta gero da bakinsa. Shekara talatin yana noma bai taɓa yin binne ba, kuma bai taɓa barin mai binne ya sarara ba. In ya ga mutum yana zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, sai ya ja ya tsaya a bakin gona ya ce, "Sannu da ciyar da zabbi!" A wurinsa manomin kirki shi ne mai haƙuri har ƙasa ta jiƙu.

Bana sai ga ƙullutu ya fito masa a wuya. Aka yi shafe-shafe aka gaji. Daga asibitin Safana aka tura shi Katsina, aka ɗebi ɗan nama aka auna. Likita ta ce ciwon daji ne, amma an tare shi da wuri. Ta sa masa rana, Litinin bayan mako uku, a fara ƙarin ruwan magani, kuma zai zauna Katsina gidan ƙanensa. Ta ja masa kunne cewa masu jira da yawa, wanda ya bar ranarsa sai ya koma baya, shi kuwa ciwon ba ya jiran kowa.

Matarsa Ramlat ta ji an ce a riƙa ba shi abinci mai ƙara jini, ai fa shi ke nan. Da safe zogale, da rana wake, ranar kasuwa hanta. Ruɓaɓɓen haƙorin da ya shekara biyar yana lallaɓawa, ita ta tasa shi gaba har aka cire. Ta wanke riguna uku, ta naɗe tabarma, ta ajiye su a bakin ƙofa inda ko ya ƙi sai ya gani.

Shi kuwa idonsa na sama. Hadari ya haɗu a gabas, iska ta watsa shi. Sauran kwana huɗu tafiya, ya ture kwanon wake ya ce, "In an yi shuka na tafi."

Ramlat ta ɗauke kwanon ta koma ɗaki.

Da la'asar Hamma ya zo da ƙwaryar nono. Bafillace ne, shanunsa ke kwana a gonar Sharhabilu duk rani suna ba ta taki, abota tun ta iyaye. Bayan an gaisa an tambayi gida da garke, Ramlat ta zayyana masa komai daga bayan zana.

"Tafi abinka, ni in shuka ma," in ji Hamma.

"Kai da ko kunyar gona ba ka iya ja daidai? Irin nan na babana ne, hannun wani bai taɓa zuba shi ba."

"To ka binne da hannunka."

Sharhabilu ya yi dariya har wuyan ya yi masa zafi. "Ni? In yi binne a garin ga?"

Sai Ramlat ta fito. "Malam, gona na nan baɗi. Kai nike so in gani baɗi."

Sharhabilu ya sunkuyar da kai. Gaskiyar magana, ba ruwan sama kaɗai yake jira ba. Tsoro yake ji, tsoron allura, tsoron ya bar garin nan a mota ya dawo a kwance. Gonar ce ya samu ya fake da ita. A hankali ya ce, "Hamma, wallahi tsoro nike ji."

"Wa ya ce ba a ji?" in ji Hamma. "Ana ji ana tafiya."

Asabar da hantsi ya saɓa sungumi, ƙoƙon iri a hannu, ya bi ta bayan gari don kada a gan shi. Ina! Bai yi sara ashirin ba numfashi ya gaza masa, ya ɗaga kai, sai ga maƙwabcinsa Uwaisu tsaye a bakin gona, mutumin da ya fi kowa shan ba'arsa.

"Sannu da ciyar da zabbi, Malam!"

 Uwaisu ya karɓe sungumin, ya yi kira, mutum shida suka ɓullo da nasu, ashe Ramlat ta riga ta gama gari da labari. Suna sara a gaba, shi yana biye, yana zuba iri yana rufewa da diddige. Ko ƙwaya ɗaya ba ta bi ta hannun wani ba.

Litinin ya tafi, shi da Ramlat.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan yana kishingiɗe a gidan ƙanensa, bakinsa ɗaci, ko kunu ba ya so, wayarsa ta yi ƙara. Hamma ne.

"An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun ran Laraba. Yanzu haka ina cikin gonarka. Ya tsiro, Sharhabilu, layi-layi."

"Zabbin fa?"

"Sun bar maka rabonka."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ya miƙa wa Ramlat hannu ta ba shi kofin kunun da ya ture ɗazu.

"Gaya ma Uwaisu su yi mini noman firi, na farko," ya ce wa Hamma. "Amma kada wanda ya taɓa maimai, noma na biyu. Wannan ni zan zo in yi."