Agogon Yaya da Ƙofar Inna

Tun ranar da likita ya ce wa Yaya Manaja tumbinsa ne zai kai shi ƙasa, dangi ba su sake jin sanyin kunne ba. Ya je ya sayo wani baƙin agogo mai faɗin murfin kwalba, ya ɗaura a hannu, ya shiga gudun safe. Gudun dai ba laifi ba ne. Abin da ya ishi Auta shi ne bayanin agogon: wai yana magana da tauraron ɗan'adam, ya san titin da ka bi, ya san taku nawa ka yi, ya san sau nawa zuciyarka ta buga. In ka gama sai ya zana maka hanyar da ka bi da jan layi a waya. Shi ke nan, kullum ƙarfe bakwai sai hoton nan ya faɗo rukunin hirar dangi na waya, kilomita shida, minti kaza, a ƙasa an rubuta "Yau ma an yi." Nan da nan 'yan amshin shata su taso, wannan ya ce sai Yaya, wancan ya ce ƙarfe ne. Mutum ɗan shekara hamsin, ya yi gudu babu mai korarsa, kuma sai an tafa masa.

Auta ƙanwarsa ce, tela ce, kekenta na ɗinki yana ɗakin gaba a gidan mahaifiyarsu. Inna ƙafafu sun ƙi tun bara. Auta ce mai wanka, mai juyawa, mai ba da magani, ita ce kuma mai fito da ita kan kujera bakin ƙofa kowace safiya ta sha hantsi. Shi kuwa Yaya wata biyar rabonsa da gidan, alhali daga sabon gidansa zuwa nan tafiyar minti ashirin ce a ƙafa. In an kira shi, maganar ɗaya ce: "Wallahi aiki ne, ko minti biyar na kaina ba ni da shi." Sai ya aiko direba da kwalin sabulu da madara. Sabulu ya taru a ƙarƙashin gadon Inna har ɗakin ya koma ƙamshin kanti.

Inna ba ta karatu, amma ta fi kowa jiran hoton. Ita ma tela ce a zamaninta, ita ta koya wa Auta riƙe almakashi, saboda haka jan layin nan ta sa masa suna ɗinki.

"Auta, ɗinkin yayanki ya iso?"

Sai Auta ta miƙa mata wayar, ta kawo ta dab da ido, ta bi layin da farce tana gyaɗa kai.

Wata safiya zare ya tsinke, Auta tana jiran haushinta ya sauka, sai ta buɗa hoton da yatsu biyu, abin da ba ta taɓa yi ba. Ga babban titi. Ga kantin magani, ga makarantar firamare. Jan layin ya sauko tiryan-tiryan ya shigo titinsu. Daidai rumfar mai faci, gida huɗu kafin nasu, sai layin ya karkace, ya shiga lungun baya, ya bi ta bayan katangarsu, ya sake fitowa titin daga can ƙasa ya miƙe abinsa.

Ta duba na jiya, haka. Na shekaranjiya, haka. Ta yi ta ja da baya har wata biyu, kullum karkatar nan tana nan kamar kalmasar da aka yi da gangan. Lungun kuwa ta san shi, kwata ce da bola, ko masu tallan ruwa ba sa shiga da kurarsu. Wato babban mutum, da takalminsa mai tsada, ya gwammace ya riƙa tsallen kwata kowace safiya da ya bi ta gaban kujerar uwarsa. Kuma da hannunsa yake turo shaidar, domin shi lambobin kawai yake kallo, bai taɓa kawo wa ransa akwai mai duba layi a dangin ba. Ya manta a gidan teloli aka haife shi.

Raini ya cika Auta har wuya. Amma tsoro ya fi shi yawa, don ranar nan da Inna ta karɓi wayar, farcenta ya tsaya daidai wurin.

"Nan kullum sai ya karkace," in ji Inna.

"Hanya ce ta lalace, Inna."

Inna ta miƙo wayar. Auta ta ƙudurta a ranta: tsohuwar nan ba za ta taɓa sanin inda karkatar take ba, shi kuma sai ya zo, ko da jan kunne.

Da azahar ta kira shi a ofis.

"Yaya, lungun bayan gidanmu yana da daɗin gudu?"

Ta ji yana rufe ƙofa.

"Ke ba za ki gane ba," ya ce. "Agogon nan lissafi yake yi. In na tsaya, duk saurin ranar ya lalace. Kin san Inna, gaisuwa ɗaya sai ta ci rabin awa."

"Ba shi da wurin dannawa ya tsaya?"

"Akwai, amma jini yakan yi sanyi. Likita ya ce..."

"Likitan ne ya ce ka bi ta kwata?"

"Auta, ki iya bakinki. Me na rage ku da shi?"

"Sabulu dai ba ka rage mu da shi ba. Yaya, gobe in ban gan ka a ƙofar nan ba, zan zagaye wurin da alƙalami in tura rukunin dangi, in rubuta gidan wa ke nan. Sai su tafa maka da hujja."

Ya kashe wayar. Ta san zai zo. Ba don Inna ba, don masu tafi.

Washegari ta fito da Inna da wuri, ta ce mata mai yiwuwa a yi baƙo. Inna ba ta tambayi wane ne ba, sai dai ta ce a ɗauko mata mayafin nan mai ruwan toka da take ajiyewa a ƙasan akwati. Ta sa aka kawo kujera ta biyu, aka dafa shayi kofi biyu. Tana ta lissafa abin da za ta tambaya da yatsu: jikokinta, ciwon bayansa, ko rufin sabon gidan ya daina yoyo.

Sai ga shi ya ɓullo daga wajen mai faci, cikin wata koriyar riga da ta ɗame shi, tumbi yana gaba shi yana bin sa a baya. Ya iso ƙofar. Bai durƙusa ba, bai zauna ba, bai ma tsaya ba. Ya ci gaba da dukan ƙasa da ƙafafu a wuri ɗaya, gwiwa sama gwiwa ƙasa, kamar mai jin fitsari a bakin banɗakin kasuwa.

"Inna, ina kwana? Ya ƙafafun?"

"Lafiya lau. Zauna mana, ga shayi."

"Ai ina kan hanya ne, Inna."

Ta miƙa hannu, ya ba ta na dama, idonsa yana kan na hagu. Hannun yana ta tsalle a cikin nata, ta kasa riƙe shi da kyau. Ta buɗe baki za ta fara da jikoki, sai agogon ya yi ƙara, ƙit-ƙit.

"Me yake cewa?"

"Wai saurina ya ragu."

Inna ta dubi agogon, ta dubi ɗanta, ta saki hannun.

"To je ka, kada ya yi fushi."

Kuma ya tafi. Wallahi ya tafi, har da ɗaga wa Auta gira, wato ga shi ya cika alkawari. Auta ta bi ƙeyarsa da kallo. Ta kwashe kofin da ba a taɓa ba.

Ƙarfe bakwai hoton ya faɗo. "Yau ma an yi, duk da an ɗan samu tsaiko." Inna ta karɓi wayar ta bi layin da farce. Yau ya miƙe sak, sai wani ɗan ƙulli a tsakiya, inda ya yi ta tsalle a wuri ɗaya.

"Wannan ƙullin ni ce?"

"Ke ce, Inna."

"Ya gyara karkatar." Ta miƙo wayar. "Ke kika sa shi, ko? Da kin bar shi. Ai tagata a lungun take. Kullum ina jin tarinsa in ya zo wucewa, tun yana yaro haka yake tari in ya gaji. Shi ya sa nake ce miki kada ki fito da ni sai rana ta ɗaga."

Auta ta ji kamar ta ɗinke yatsanta da keke. Wata biyu tana ganin Inna na jinkirin fitowa, ta ɗauka sanyin safiya ne.

Gari ya waye, Inna ta ce a fito da ita da wuri, amma a bar tagar ɗakin a buɗe, ko da zai bi ta lungun. Suka zauna. Mai faci ya buɗe rumfa, 'yan makaranta suka wuce, shayi ya huce. Ƙarfe bakwai waya ta yi ƙara. Auta ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta nemi kantin magani ta rasa, ta nemi makarantar ta rasa. Wata unguwa ce can daban, layin ya miƙe babu karkata babu ƙulli. A ƙasa ya rubuta, "Sabuwar hanya, babu tsaiko." 'Yan tafi har sun fara.

"Ɗinkin yayanki ya iso?"

"Ya iso, Inna."

Inna ta kawo wayar dab da ido, ta ɗora farce, ta bi layin tun daga farko har ƙarshe, ta sake komawa. Sannan ta miƙo wa Auta.

"Mayar min da na jiya," ta ce. "Mai ƙullin."