Bangon da Ke Kallon Shagon Tela

Ranar wata Asabar ce, an kwana ana ruwa, gari ya waye da lumshi. Auta, mai haɗa wayar lantarki, ya jingina tsani a gaban gidan mahaifiyarsa, ya ciro jiniya sabuwa fil daga kwali.

Mako biyu ke nan da ɓarawo ya ɓalle ƙofar kicin da rana tsaka, Inna tana ɗaki tana barci, ya kwashe rediyo da dutsen guga. Yayyen Auta suka ce zaman kaɗaici ya ƙare, ta koma gidansa. Shi kuwa har ya yi wa ɗaki fenti, ya sayo katifa. Inna ta ce gidan da ta shekara arba'in a ciki ba za ta bar shi saboda dutsen guga ba. Da ƙyar aka daidaita: za a kafa jiniya a gwada. In wani ya zo cikin minti biyar, ta zauna. In ba kowa, ta haɗa kaya.

"Can za ka maƙala ta?" in ji Inna, ta ɗaga kai tana kallonsa a saman tsani.

"Nan ne wurinta, Inna. Hannu ba ya kaiwa, rufi ya tare ruwa, kuma tana kallon titi."

"Wa na sani a titin? Kai ta bayan gida, wajen lungu."

"Inna, aikina ne fa. Shekara tara ina yi."

"Ni kuma shekara talatin ina yinka. Huda, mu gani."

Ya huda bango wuri huɗu, ya ɗaure ta tamau, ya ja waya har bakin gadonta inda ya sa maɓalli. Ya duba agogo, ya ce ta danna.

Jiniya ta tsala ihu har gilashin taga yana rawa. Mai kantin tsallaken titi ya ɗago kai, ya mayar kan wayarsa. 'Yan hayar gidan kusa duk sun fita aiki. Wani mai babur ya rage gudu, ya ƙara mai. Minti biyar suka cika cif, ko kare bai leƙo ba.

Auta ya kashe. Abin da yake so ya samu, amma sai ya ji bakinsa ba daɗi. Inna ba ta yi gardama ba. Ta tsaya tsakar gida ta dafa bishiyar lemon da marigayi mahaifinsa ya shuka, tana tsinke busasshen ganye ɗaya-ɗaya.

"Akwatina yana saman kabad," ta ce a hankali. "Sai ka sauko mini da shi, tunda kana da tsani."

Ya daɗe yana naɗe wayar da ba ta bukatar naɗi.

"Gwajin nan bai yi ba," ya ce. "Bango a jiƙe yake, yana shanye ƙara."

Ta dube shi ta gefen ido. "Haka aka koya muku?"

"Haka ne a littafi. Ina ma kika ce a kai ta?"

Ya kwance jiniyar, ya zagaya da tsani. Bangon baya tsohon siminti ne mai taurin kai, nan bakin injin hudarsa ya karye, sai da ya sauya wani. Daga saman tsani ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba: tsallaken lungun, tagar shagon Baba Tela, abokin mahaifinsa, tana kallon ƙofar kicin ɗin Inna kai tsaye. Kunnen tsohon ɗaya ya mutu, ga keken ɗinki yana ta kaɗawa. Ina zai ji abin da ake yi a titi?

Inna ta sake dannawa.

Minti biyu ba su cika ba aka daki ƙofar baya. Baba Tela ya faɗo ciki, almakashi a hannu, tef ɗin awo a wuya, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Ina yake? Innar yara, ina ɗan banzan?"

"Ga shi can kan tsani," in ji Inna. "Ni na haife shi, kada ka yanka mini."

Tsohon ya zube kan kujera yana haki. "Ɗan nan, kashe ni za ka yi? Ranar da aka shigo mata ina asibiti, shi ya sa. Da ina nan..."

"Da ka auna shi ka ɗinka masa wando," in ji Inna, tana miƙa masa kofin ruwa.

Auta ya sauko, ya durƙusa ya gaishe shi, ya rubuta lambar wayarsa da manyan baƙi ya ba shi. Akwati ya zauna inda yake.

Abin da aka rasa ranar: bakin injin huda guda, silifas ɗin Baba Tela ɗaya da ruwan kwata ya ja, yadin wani mai ɗinki da almakashi ya zarce a kai, bangon gaba mai huji huɗu, da ɗaki ɗaya mai sabon fenti a gidan Auta, wanda ba wanda ya kwana ciki.