Gwiwar Abarshi

Abarshi shekararshi goma sha huɗu, amma in ya ɗauki balo, wato ƙwallo, a filin kwalejinmu na Gure, har manya kauce mishi suke. Ni Rashidu, baya nake tsarewa, rabi da ƙafa rabi da baki.

Ranar da muka buga da 'yan Kelle, wani ƙato ya shigo mishi ta gefe. Daga inda nake na ji ƙas! Kafin mu fitar da shi, gwiwar dama ta yi tulu.

Aka kai shi wajen Baba Ibram mai ɗori. Ya latsa, ya ja, ya ce targaɗe ce da ɗan tsagewa. Ya kama kaza ya karya mata ƙafa, ya ɗaure ta da kara, sannan ya ɗaure ƙafar Abarshi.

"Ranar da ta taka, kai ma ka taka."

Kwana ashirin kaza ta taka. Saura kwana uku masu zaɓen 'yan wasa su zo daga Damagaram, yara biyu kawai za su ɗauka.

"Rashidu, wallahi can ciki tana min zafi," in ji Abarshi.

"Kai dalla! Kaza tana can tana tonon juji, kai kana kwance kamar mai jego. In damo maka kunun kanwa ne, Hajiya?" na ce mishi.

'Yan ekip ɗinmu na balo suka fashe da dariya. Ran zaɓe ya ɗaura takalmi.

Minti goma ya yi. Ba wanda ya taɓa shi. Juyawa kawai ya yi, ƙafar ta lanƙwashe waje, ya zube.

Babanshi ya ɗauke shi zuwa likita a Damagaram. Na faɗa motar ba wanda ya gayyace ni. Aka yi radiyo, wato hoton ƙashin gwiwoyin duka biyu, lokotoron, wata mace mai tabarau, ta jera hotunan a hasken taga.

"Malam, ka ga wannan siririn layin? Ta nan ƙashin yaro yake ƙara tsawo. Guringuntsi ne, jijiya ta fi shi ƙarfi. Bugun da zai ba babba targaɗe, yaro a nan yake karya shi. Da kun zo satin farko, ƙusa biyu ne da filatir, ɗaurin siminti."

"Yanzu fa?" in ji baban.

"Ya fara haɗewa a karkace, ya sake ɓallewa. Za mu yi aiki. Amma ta hagu za ta ci gaba da tsawo, wannan kuwa ban yi maka alkawari ba."

"Balo fa, Madam?" Abarshi ya tambaya.

"Mu fara samun tafiya tukuna, ɗana."

Baban ya zauna a bakin gado, ya cire hula.

"Wa ya ce ka tashi ka buga?"

Ina tsaye jikin ƙofa. Abarshi bai ko dubi inda nake ba.

"Ni na sa kaina, Baba."