Shatin Ruwa a Bangonmu

Ruwan da ya tafi da maigidana ya bar shati a bangon kowane gida na lungunmu. A ɗakinmu shatin ya kai kafaɗata. Da rana tsaka ruwan ya zo. Maigidan nawa mai walda ne, ya ɗauki ƙarfe ya fita don ya buɗe bakin kwalbatin da shara ta toshe, ya ce in ɗora Iya a kan tebur kafin ya dawo. Na ɗora ta. A can bayan gada aka tsinci gawarsa.

Ya bar ni da mutum biyu: Iya, mahaifiyarsa, wadda ƙafafunta suka daɗe da daina ɗaukarta, da 'yarmu Lele, wadda ba ta daɗe da shiga makaranta ba.

Bayan damina ta wuce muka ji cewa hukuma ta gina gidaje a kan tudu, amma ba za su ishi kowa ba. Za a turo ma'aikata su auna unguwannin da ruwa ya ci, a ga waɗanda suka cancanta. Ni ɗaki ɗaya nake so a can kafin wata daminar. Ba zan iya goya Iya in riƙe Lele in yi gudu a cikin ruwa ba.

Tela, maƙwabcinmu, shi ke magana da yawun lungu. Ya tara mu a ƙofar shagonsa, tef na rataye a wuyansa.

"Gida sabo ne fa, har da famfo," in ji shi. "Wa zai ɗauki sabon gida ya ba ƙazami? Ku je bayan kasuwa ku gani, har yau katifunsu na kan titi suna wari. Mu kam mu nuna musu mu mutane ne."

Kowa ya ga maganarsa ta hau. Muka kwashe laka, muka ƙone ruɓaɓɓun tabarmi, aka aro kujerun roba. Mai fenti ya kawo ragowar farin fenti ya bi gida gida yana shafe shatin. Da ya zo namu na tare ƙofa, na ce a bar mini nawa.

"Haba Maman Lele," in ji Tela, "ke kaɗai za ki tona mana asiri?"

Daga kan gado Iya ta ce, "Bar su su shafa, 'yar nan. Na gaji da kallonsa."

Na matsa.

Ranar da baƙin suka zo, Iya ta sa na ɗaura mata zaninta mai kyau, na ɗauke ta na zaunar a kujera, ta rufe ƙafafunta da mayafi. Wadda ta shigo ɗakinmu wata matashiya ce mai tabarau, tana danna amsoshi a waya. Tela da mai fenti suka tsaya a bakin ƙofa.

Na gaya mata ruwa ya ci maigidana. Ta ajiye wayar ta yi mana gaisuwa sosai, sannan ta ci gaba.

"Wa ke ɗaukar nauyinku yanzu?"

"Mu ne," Tela ya amsa daga ƙofa. "Duk lungun nan uwa ɗaya uba ɗaya muke."

Ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba. Matarsa takan miƙo mana kwano ta katanga in sun samu.

"Sau nawa kuke cin abinci a rana?"

"Alhamdulillahi," in ji Iya.

Mai tabarau ta yi murmushi. "Iya, ba ni da gurbin alhamdulillahi a nan."

"To sa uku. In da gurbin huɗu ma ki sa."

Mazan suka kwashe da dariya.

"Akwai wanda ba ya iya tafiya a gidan nan in an ce a gudu?"

"Wa? Ni da nake tsere da jikata?" in ji Iya. "Ke da wannan takalmin naki mai tsini ba za ki kamo ni ba."

Mai tabarau ta dubi mayafin, ta dube ni. "Haka ne, Yaya?"

Iya ta zuba mini ido. Uwar mijina ce, ga baƙuwa, ga maza a ƙofa. Na ce, "Ana lallaɓawa."

Ta danna wani abu ta tashi.

Bayan wani lokaci aka manna taswira a bangon ofishin hukumar, kowace unguwa da launinta. Namu lungun kore, bayan kasuwa ja wur. Tela ya dawo yana washe baki, yana cewa ko a fitilar titi kore shi ne a wuce. Mata suka fara ɗaure kaya. Ni ma na wanke tukwanena na jera a buhu.

Da motocin kwasa suka zo, bayan kasuwa suka nufa. Muna tsaye a bakin lungu suka wuce mu da katifun nan masu wari a ɗaure a sama.

Na je ofishin da kaina. Mai tabarau ta gane ni, ta ba ni kujera.

"Kore na nufin kuna iya riƙe kanku," ta ce. "Kun gyara gidajenku, kuna da abinci, kuna taimakon juna, ba ku da mara ƙafa. Ja su ne waɗanda in ruwa ya dawo ba su da kowa. Da su ake farawa."

"Iya ba ta tafiya. Ni nake kai ta bayan gida."

Ta cire tabarau ta murza ido. "Yaya, ai na tambaye ki."

"Kin tambaya."

Na roƙe ta a sake aunawa. Ta ce gidajen sun ƙare, amma za ta kai maganata sama. Na yarda ta kai. Ba a dai kira ni ba.

Tela ya daina zama a ƙofar shago. In mun haɗu sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Maman Lele, ya haƙuri?" In ce da godiya.

Da hadari ya fara haɗowa na je wurin ƙanwata, wadda ke haya a saman gari, ɗaki ɗaya da mijinta da yaransu. Ta yi kuka, ta ce mutum ɗaya kawai za su iya matsa wa wuri. Na dawo na gaya wa Iya.

"Har sai kin yi shawara?" ta ce. "Kai yarinya."

Na zuba kayan makarantar Lele a leda, na riƙe hannunta muka hau. A ƙofar ƙanwata, Lele ta riƙe mini zani tana tambaya yaushe zan zo in ɗauke ta. Na ce in rani ya yi. Sai da ƙanwata ta ɓamɓare yatsunta. Ina gangarowa ina jin muryarta har na sha kwana.

Kafin in kai lungu an fara yayyafi.

"Kin kai ta?" in ji Iya.

"Na kai ta."

"Ta yi kuka?"

"Ba ta yi ba."

Iya ta juya fuskarta ga bango. Can ta ce in rufe taga, feshi na shigo mata.