Dalma a Kwamin Tsahara

Cikin tumaki goma sha ɗaya, uku kaɗai fari ya bar wa Tsahara: rago, da tsohuwar tunkiya, da 'yarta. Da damina ta dawo, ƙanenta Sallau, direban babbar mota a hanyar Ƙonni, ya kawo mata gidan tsohon batir, baƙi mai kauri. Ya ce ta mai da shi kwami, ta riƙa zuba musu kanwa da dusa, ba ya fashewa, gara kuma ba ta cin sa. Ta ɗauraye shi sau ɗaya, ta sa masa albarka.

Wata biyu tumakin na lasa. Ragon ne ya fara. Ya kafa goshi a bango yana cizon haƙora, a haka ya mutu. Ran kasuwar Badagishiri Tsahara ta tare Malam Ishaku, likitan dabbobin da ke zuwa daga Illela, ta ja shi har gida.

Ya kaɗa hannu a gaban idon tsohuwar tunkiyar, ba ta ƙifta ba. Ƙaramar tana tangaɗi, amma ta kauce masa. Sai ya tsuguna ya kankari gindin kwamin, farcensa ya fito da toka-toka.

"Inna, wa ya ba ki wanga?"

"Ƙanena. Mi ya yi?"

"Dalma ta. Ita suka yi ta lasa tare da kanwa."

Ya ciro wata 'yar kwalba daga jakarsa. Ya ce allurar tana shiga jini ta maƙale wa dalma kamar ƙarangiya a zane, ta fito da ita ta fitsari. Kwana biyar za a yi ana yi. Abin da ke cikin kwalbar na tunkiya ɗaya ne, wata kuwa ba za ta iso daga Tawa ba sai sabon wata.

"To, raba musu, ɗana."

"In na raba, kin rasa duka biyu."

Tsahara ta dubi tsohuwar. Da farin nan, Tsahara ce da kanta ta riƙa hawa dutse tana kakkaɓo mata ganye, ga shi yanzu tunkiyar ta ɗauki ciki har ya fito. Ta sa hannu a kuiɓinta, ta ji motsi. Ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba.

"Yi ma ƙaramar," ta ce.

Yana soka allurar, Tsahara ta leƙa ta kan danga ta kira maƙwabcinta Chindo, ya zo da wuƙa kafin tsohuwar ta zama mushe.

"Yankawa dai a yanka," in ji Malam Ishaku, "amma ba a ci."

"Ko hanta?" in ji Chindo.

"Hantar ta fi muni."

Chindo ya yi bisimilla ya yanka. Tsahara ta ɗauki hauya ta zagaya bayan rumbu, ta fara haƙa. Ƙasar da tauri, ga shi sai ramin ya yi zurfin da karnuka ba za su tono ba.