Kira Daga Waje

Na dawo Ostiriya daga Kanada da digirin dakta, aka ba ni aikin dindindin a sashen lissafi da kwamfuta na jami'ar garinmu. Ban fi kowa ba. Daga waje na zo, shi ke nan.

Ofis ɗaya aka haɗa ni da Notburga Kaltenegger, wadda kowa ke kira Burgi. Ajinmu ɗaya muna ɗalibai, kuma ita ce ta ɗaya. Aikinta koya wa kwamfuta ta duba hujjar lissafi da kanta, ta ce nan daidai ne, nan akwai rami. Har a Kanada ana aiki da manhajarta. Ita kuwa ba ta taɓa barin garin ba, saboda yayanta Poldi.

Poldi ya haura hamsin, amma hankalinsa na yaro ne. Tun rasuwar mahaifiyarsu yana hannunta. Yana naɗe kwalaye a wani gidan burodi, kuma hanya ɗaya ya sani a duniya: jirgin cikin gari mai lamba shida, daga gida zuwa gidan burodi, daga can zuwa ƙofar sashenmu. Kullum da yamma yana tsaye a tasha da kek ɗin tuffa biyu a takarda, yana jira ta sauko.

Burgi aikin kwantiragi take yi, kuma doka ta iyakance shekarun da jami'a ɗaya za ta riƙe mutum a haka. Nata sun kusa cika. In ba ta sami kujerar dindindin ba kafin ƙarshen bazara, sai ta kwashe littattafanta. Ana haka kujerar farfesa ɗaya ta buɗe a sashenmu.

Tare muka je wurin shugaban sashe, Farfesa Wurzrainer, tsoho mai son a kira shi da duk laƙabinsa.

"Dakta, kin san al'ada," in ji shi. "Ba ma ɗaukar ɗan gida, sai a ce mun raba a tsakaninmu. Ki je wata jami'a ta kira ki, ta yi miki tayin kujera. Ki kawo mini kiran, ni kuma in buga tebur in ce ba za a ɗauke mana ke ba."

"In ba su kira ba fa, Farfesa?"

"Za su kira. Ni zan rubuta musu."

Muna fitowa ta ce, "Ka ji, Bature? Sai baƙo ya yaba ni kafin a yarda ina da kai." Bature take ce mini tun da na dawo, wai harshena ya karkace.

"Ki nema mana. Ai wasa ne kawai."

"Wasan da kai ka riga ka ci."

Ta nemi kujera a wata jami'a can arewacin Jamus, a bakin teku, tafiyar yini guda a jirgin ƙasa. Suka gayyace ta laccar gwaji, wadda mu a nan muke kira rera waƙa. Ta gwada a gabana a ofis. Da ta gama ta ajiye alli.

"In na rera da kyau, za su so ni da gaske. In na ɓata, ba kira. Wanne zan yi?"

"Ki yi tsaka-tsaki."

"Ban iya ba. Koya mini."

Ranar da ta tafi ni na tari Poldi a tasha. Ya duba bayana, ya ƙi ba ni kek ɗin.

"Na Burgi ne."

"Gobe za ta dawo, Poldi."

"To gobe za ta ci."

Kiran ya zo a farkon bazara. Ita suka zaɓa ta ɗaya. Da muka kai wa Wurzrainer labari ya miƙe, ya gyara kwat, ya rusuna ya kama hannunta.

"Farfesa Kaltenegger," ya ce. Bai taɓa kiran ta haka ba. Ya sa sakatariya ta kawo kwalbar giya da kofuna.

"Yaushe za ka buga teburin, Farfesa?" in ji ta.

"A kwamiti, abokiyar aiki. Komai a kwamiti."

Ina cikin kwamitin. Aka zauna, aka raba kofi, aka kawo sunanta. Wani farfesan aljabara ya ce ai ita ta riga ta sami kujera, me zai sa mu ɓata tamu a kan wanda ya ƙoshi. Wata ta ce abokanmu na Jamus sun ajiye mutum biyu nagari saboda ita, in muka riƙe ta ba za su ƙara duba ɗalibanmu ba. Kowa ya juya ga Wurzrainer. Yana kallon kofinsa.

"Ni na rubuta musu," ya ce. "Na ce ban taɓa koyar da kamarta ba. Da wace fuska zan ce musu dabara ce?"

Na ce, "Farfesa, kai ka tura ta."

"Na tura ta, ta kuma yi nasara. Ina laifin?"

Na kawo maganar Poldi. Wani ya ce a Jamus ma akwai gidajen kula da irinsu, masu kyau ƙwarai. Aka ce mai goyon bayanta ya ɗaga hannu. Nawa kaɗai ya tashi. Kujerar ta tafi ga wani matashi daga Holan.

Na same ta a ofis tana gyara wa ɗalibi aiki. Ba ta ɗago ba.

"Ba sai ka faɗa ba. Takunka ya faɗa."

"Kina iya ƙin zuwa."

"In ƙi, nan an rufe, can an rufe. Mu nawa ne a fannin? Kafin mako kowa ya ji cewa Kaltenegger ta yi wasa da mutane."

"Akwai kamfanoni."

"Akwai. In je in riƙa lissafa wa masu inshora ranar mutuwar mutane." Ta rufe kwamfutar. "Kai da ka yi karatu mai nisa, ba ka da wata dabara?"

Ba ni da ita.

Ta gwada tafiya da Poldi. Suka je ganin garin, Poldi ya zauna a kan akwati a tashar can ya ƙi motsi, yana tambayar duk mai wucewa ina lamba shida. Bai ci ba, bai yi barci ba, sai da suka dawo. A ƙarshe ta samar masa ɗaki a wani gidan kulawa da ke kan layin lamba shida, don kada hanyarsa ta canja. Ta karɓi kujerar. Tana zuwa ƙarshen mako in aiki ya bari.

Teburinta yanzu na matashin Holan ne. Mutumin kirki ne, yana ma aiki da manhajarta.

Hanyar Poldi ba ta canja ba. Daga tagar ofis ina hango shi da yamma, a tasha, da takardarsa a hannu. Nakan sauka.

"Burgi ta fito?"

"Tana Jamus, Poldi. Sai Asabar, wataƙila."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da kallon ƙofar sashen. Lamba shida ya zo, ya buɗe, ya rufe, ya wuce. Na tsaya tare da shi muna jiran na gaba.